Hannu na Shida

Shekara goma sha ɗaya na yi ina akawun majalisar kansiloli a wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Katagum, kuma in za a taƙaice aikina, ƙirga hannuwa ne. Kullum in taso daga Azare a kan babur, in kaɗe ƙurar kujeru da gefen fayil, in zauna ƙarƙashin fanka mai kuka kamar tsohon keken ɗinki, in jira a ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Ba wani aiki ba ne mai wuya. Hannu ko dai yana sama ko yana ƙasa. Haka na ɗauka, har Allah ya haɗa ni da wani kansila da muke kira Alhajin tsakiya.

A zamaninsa ne aka kawo ƙudurin inshorar lafiya. Shugabar sashen lafiya, wata Madam 'yar kudancin Bauchi da ba ta san gajiya ba, ita ta tsara shi: hukuma ta sa nata, talaka ya sa ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, a ba shi kati, in ciwo ya zo ya karɓi magani ba sai ya sayar da akuya ba. Kansiloli goma sha ɗaya ne, kuma doka ta ce sai an sami hannu shida. Biyar suka ce ko yau. Biyar, har da shugaban majalisa, suka ce ko kusa. Ɗayansu ma ya miƙe ya ce shi a saninsa mota ake yi wa inshora, saboda 'yan sandan hanya, yaushe mutanen mazaɓarsa suka zama motoci? Saura mutum ɗaya.

Ni kuwa ina da nawa a cikin maganar, ba zan ɓoye ba. Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, tana da hawan jinin ido. Likita ya ce maganin ɗigawa kullum, ido biyu, har ƙarshen rayuwa, in ba haka ba gani zai tafi kuma ba ya dawowa. Ƙaramar kwalba ce, ba ta kai babban yatsa ba, amma albashina ba ya iya ɗaukar biyu a wata. Sai Yaya ta yi nata tsarin ba da sanina ba: ta riƙa ɗiga wa idon dama kawai. Da na gane na yi faɗa, ta ce in kwantar da hankalina, na hagu zai jira majalisa.

Ranar ƙuri'ar farko na ƙirga biyar a sama, biyar a kan cinya, sannan na juya wajen Alhajin tsakiya. Wallahi hannunsa na dama ya baro cinya, ya wuce ƙirji, ya tsaya daidai kunne. Ba sama ba, ba ƙasa ba. Na duba littafin ƙa'idojin zama daga bango zuwa bango, babu inda aka ambaci kunne. Da shugaba ya tambaye shi, sai ya ce shi fa ba ya adawa da lafiyar jama'a, Allah ya kiyaye, amma kuma ba ya son gaggawa, don haka a kafa kwamiti. Kowa ya ji daɗi, aka naɗa shi shugaban kwamitin.

Mutumin nan ba mugu ba ne, shi ne abin haushin. Ga fara'a, ga gaisuwa har ya tambaye ka lafiyar kajinka. In masu goyon baya suka je gidansa da safe, sai su fito suna cewa an gama. Masu adawa su je bayan la'asar, su ma su fito suna cewa an gama. Ko a ɗaurin aure, in aka ajiye masa shinkafa da tuwo, sai ya ce a bari ya yi nazari.

Kwamitin ya yi watanni yana nazari, kuma duk zaman da aka yi sai an yanke wa ƙudurin wata gaɓa. Alhaji ya ce zai iya goyon baya in an cire haƙori, don ciwon haƙori ba ciwo ba ne, kwaɗayi ne. Aka cire. Ya ce a cire tabarau, gayu ne. Aka cire. Ya ce kalmar gwamnati ta yi yawa a ciki, mutane za su tsorata. Madam ta zauna tana goge kalmar tana cije leɓe. Ni ke buga takardun, kuma na ga an fara kusantar ido. Na ɗauke layin maganin ido na kai shi shafi na ƙarshe, can ƙasa kusa da wurin sa hannu, da ƙananan baƙaƙe, inda na tabbata babu kansilan da ya taɓa karantawa.

Duk Alhamis in na dawo, kafin in kashe babur Yaya za ta leƙo daga ƙofar ɗakinta ta tambaya ko an ɗaga. In ce ya kai kunne. Wani makon in ce ya kai haɓa, ya koma. Wata rana ta ce to ai bawan Allahn nan ciwon kafaɗa ke damunsa, mu muna ta zaginsa. Ta aika kasuwa aka sayo man zafi, ta ƙulle a leda, ta ce lallai in kai masa, in ce ya shafa safe da yamma. Na ce Yaya korata za a yi daga aiki. Ta ce in ban kai ba ita za ta hau Keke Napep ta kai da kanta.

Na kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sa mata albarka. Har yau ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane ya tsaya a tsakiya.

Zaman ƙarshe kafin wa'adinsu ya cika, zauren duk ya game da warin man zafi. Ashe ya shafa! Aka karanta abin da ya rage na ƙudurin, shugaba ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ya kuma sunkuya yana latsa waya, don ya san sakamakon tun daga gida. Biyar suka tashi. Hannun Alhaji ya baro cinya, ya wuce ƙirji, ya wuce kunne, ya kai gefen hula. Bai taɓa kai wa nan ba. Madam ta riƙe bakinta.

Shugaba bai ɗago ba ya ce, "Akawu, nawa?"

Ga abin da ke cina har yanzu. Da na ce shida, shikenan. Alhaji ba zai taɓa miƙewa ya ce ƙarya ne ba, domin musu ma ɗaukar ɓangare ne, shi kuwa bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Na san haka sarai. Amma shekara da shekaru ina alfaharin ban taɓa ƙara ko yatsa ɗaya ba, sai bakina ya riga ni.

"Alhaji, ranka ya daɗe, hannun nan a sama yake?"

Ya dube ni da fara'ar nan tasa. "Hula nake gyarawa, Malam Akawu."

Na rubuta biyar. Ban san lokacin da na iso Azare ba. Na faɗa wa Yaya komai, har da cewa da na ce shida da an wuce wurin. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ita kuwa cewa ta yi an yi asarar man zafi, da ta sani gwiwarta ta shafa wa. Daga nan ta ce in miƙo mata kwalbar, lokacin na dama ya yi.

Shekaru suka wuce. Na yi ritaya, tsarin inshora ya zo ta hannun gwamnatin jiha ba tare da an nemi hannun kowa a zaurenmu ba, na yi wa Yaya kati. Sai dai idon hagu bai jira ba, ya riga ya tafi. Na dama kuma haske kawai yake rarrabewa da inuwa, ko fuskata ba ta gani.

Bara na kai ta asibiti karɓar magani. Muna zaune a benci cikin cunkoso, sai wata ma'aikaciya ta fito da takardu ta ce duk wanda ba shi da kati kuma yana so a yi masa rajista ya ɗaga hannu, fom ɗin kaɗan ne. Can a layin gaba na ga wani hannu ya tashi tsaye cak, hannun riga ya zame har kafaɗa, yatsu na kaɗawa. Na bi hannun da ido zuwa ƙasa. Ya tsufa, ya rame, siyasa ta daɗe da sallamarsa, amma hular nan ba ta canza ba.

Dariya ta kama ni, irin wadda take zuwa da ƙwalla. Yaya ta dafa gwiwata ta tambaya me ya faru. Na ce mata Alhajin tsakiya ne, ya ɗaga hannu.

"Har sama?"

"Har sama, Yaya."

Ta juyar da fuskarta wajen da take jin hayaniya, ta daɗe kamar mai kallo. Sannan ta ce, "To wannan karon kar ka tambaye shi. Rubuta shida."