Buhunan Mma a Babbar Kwata

Mma, mahaifiyata, ta yi shekaru tana dakon doya da albasa a kasuwar Agbogbloshie, da babban kwano a ka, har wuyanta ya daina juyawa. In na kira ta daga baya, sai ta juyo da jikinta duka.

Ina ajin ƙarshe a sakandare wata ƙungiya ta zo Kotobabi tana koya wa mata noma a cikin buhu. Mma ta yi ta zuwa tana zama a bencin 'yan firamare, ita da ta tashi a gonar gero can arewa. Wata rana ta dawo tana dariya, ta ce, "Ashe ɓawon albasar da muke takawa a kasuwa abinci ne!"

A bayan ɗakinmu na haya a Nima akwai ɗan lungu. Nan ta tara ɓawon doya da na albasa, da toka, da kashin kajin maƙwabta, ta rufe da tsohuwar tabarma. Duk Juma'a sai ta juya shi. Da takin ya nuna ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Ni da ban taɓa shiga gona ba nakan tsuguna in shaƙa, in yi ta kewar garin da ban sani ba.

Ta cika tsofaffin buhunan shinkafa ta jera, ta shuka ganyen miya, ayoyo da alefu, da kuma barkono. Masu sayar da tuwo suka fara zuwa saye da safe. Mma ta kife kwanon dako a ƙarƙashin gado, ya yi wata bakwai bai fito ba. Wuyanta ya soma saki.

A gidanmu, kwana biyu kafin babbar Sallah maza kan yi sharar gayya. Duk abin da ya ruɓe ko ya tsufa, babbar kwata ake kai shi. Ran nan ni da Mma mun tafi barka Maamobi. Muka dawo da la'asar muka tarar da lungun fes, har an yayyafa masa ruwa.

Alhaji mai gidan yana zaune kusa da ragonsa.

"Baba Alhaji, ina buhunan Mma?"

"Bolar nan? Mun kwashe. Baƙi za su zo, 'yata. Nan Accra ne, ba ƙauye ba."

"Har da ganyen?"

"Ganye a kan kashin kaji? Ku gode Allah ban kira 'yan duba-gari ba."

Bola! Mutumin da tun azumi yake shan miyar ayoyon nan yana suɗe yatsu. Bai taɓa tambayar inda ganyen yake fitowa ba, haka ranar ma bai jira mai shi ta dawo ba. Kwatar da ke wari a ƙofar gidansa shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunyar baƙi ba, sai gonar mace mai haya.

Na je bakin kwata. Buhunan suna kwance cikin baƙin ruwa tsakanin ledoji, wani reshen barkono ya ɗago da jajayen 'ya'yansa. Ban iya kuka ba don haushi.

Ran Sallah da safe Hajiya matar Alhaji ta leƙo ɗakinmu da roba a hannu. "Maƙwabciya, a ɗan tsinko mini ayoyo mana, miya ta yi kaɗan."

Mma ta juyo a hankali. "Yana kwata, Hajiya. Alhaji ya san wurin."

Bayan Sallah da kwana uku na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Mma ce ke jawo kwanon daga ƙarƙashin gado. Ta naɗa gammo, ta fita ba ta dube ni ba. Da yamma ta dawo wuyanta a sandare, na taya ta saukewa. Kwanon cike yake da ɓawon albasa.

"Kawo tabarmar nan," ta ce. "Wannan karon a ƙofar ɗakinmu za mu tara."