Ranar da Malam Bai Tashi Ba

Matso kusa ka ji, don maganar ta cikin gida ce, ba na so in ɗaga murya.

Ni ba mai fita ba ce. Amma katangar gidanmu a Jega ta haɗa baya da filin da yara ke ƙwallon kwando, saboda haka wasan da ban taɓa kallo ba na san shi da kunne. Na san ƙarar ƙwallo a kan siminti, na san kukan ƙarfen kwando idan ta daki baki ta dawo. Na san busar maigidana, Malam, wanda ya daɗe yana alƙalancin wasan: gajera ce, sau ɗaya, ba ya maimaitawa.

Wata Asabar da la'asar yaran Aliero suka zo karawa da namu. Ɗanmu na fari yana ciki, shi ya sa Malam ya ce ba zai yi alƙalanci ba. Ya bar wa wani saurayi da shi da kansa ya koya wa aikin, ya je ya zauna a benci daidai bayan katangata, kusa da amininsa mahauci. Ka dai san yadda muke da ɗan fari. Ba ma kiran sunansa, ba ma yabonsa, ba ma tsaya masa a gaban jama'a. Ni har yau "wannan yaro" nake ce masa.

Ina yankan albasa na ji faɗuwa. Ba faɗuwar tuntuɓe ba ce, jiki ne aka tura ya haɗu da siminti. Na ji ƙaramin nishi, na kuma san mai shi. Na ajiye wuƙa ina jiran usur. Shiru.

"Malam, ba ka gani ba?" in ji mahaucin. "Dogon nan tun ɗazu yake saka mai gwiwar hannu. Usur ɗinka na aljihu, ko ka bar shi wurin uwargida?"

"Yau ɗan kallo nake," in ji Malam.

"Ɗan kallo da ido rufe? Yaron naka wuyan hannu yake riƙe."

"Akwai alƙali a fili."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma ina jin ƙafarsa tana buga ƙafar benci. Aka fitar da yaron, wasa ya ci gaba. Namu suka fusata. Ba a jima ba na sake jin faɗuwa, wannan karon da ihun mutanen Aliero. Kafin ihun ya lafa sai ga busar nan gajera. Daga baya aka gaya mini Malam ne ya shiga fili, ya tsayar da wasa, ya ɗaga yaron Aliero da hannunsa, ya kori namu da ya ture shi. Saurayin alƙalin kuwa ban ƙara jin usur ɗinsa ba har aka tashi.

Wannan yaro ya riga ubansa shigowa. Hannun ya kumbura. Ya zauna a kan turmi, bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Inna, ni ba ɗan mutane ba ne?"

Na ce ya miƙo hannun in gani.

Da Malam ya shigo, yaron ya tashi ya shige ɗaki. Na kai ruwa, na durƙusa, na ce, "Malam, na ji duka."

"Na san kin ji."

"Mi ya hana ka tashi da farko?"

Ya karɓi kofin. Ya ce da ya tashi saboda nasa, gobe duk Jega za a ce ba shi da kunyar ɗan fari, kuma babu wanda zai ƙara yarda da busarsa. Ya ce ga shi kuma ya ba saurayin nan fili, shiga masa kunyatarwa ce.

"Ai ka kunyata shi daga baya," na ce.

"Na kunyata shi." Ya ajiye kofin. "Tashin farko ne ya maƙale mini, shi ya fito a na biyu."

Washegari ya ɗauki yaron a babur zuwa wurin maɗori a Maiyama. Yaron ya gaya mini har suka je suka dawo duk ramin da ke hanya Malam ya kauce masa a hankali, kuma lokacin ɗori shi ya riƙe masa kafaɗa.

Hannu ya warke. Ranar da zai koma fili ya tsaya a ƙofar madafa ya ce, "Inna, ki ce ma Baba kada ya ƙara zuwa kallona. In ba ya nan, ba zan duba benci ba."

Na riƙe saƙon a bakina har na gama tuwo, sannan na isar. Malam ya ce, "To." Bai ƙara zuwa ba. Yana alƙalanci a Kimba, yana yi a Aliero, amma duk wasan da ɗansa ke ciki sai labari.

Na juya abin a raina ya fi a ƙirga. Wani lokaci in ga Malam ya yi daidai da ya zauna, kuskuren shi ne tashin. Wani lokaci in ga tashin ne daidai, ya dai makara. Kai da ka ji, in da kai ne a bencin nan, usur a aljihu, ɗanka na fari a ƙasa, a wace faɗuwa za ka tashi?