Malam Dankali da Lemon Inna

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare, kuma duk tsawon shekarun nan da dankali kaɗai ya yi suna. Ba malami ba ne, aikinsa wanke kwalabe da jera kayan gwaji, amma wa ya isa ya faɗa masa? Duk shekara sai ya fere dankali, ya yanka sala-sala, ya jefa rabi a ruwan gishiri, rabi a ruwan famfo. Na famfo ya kumbura ya yi tauri, na gishiri ya yi laushi kamar tsumma. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Osmosis ke nan. Ruwa yana barin inda gishiri ya yi ƙaranci, ya ratsa fatar ƙwayar halitta, ya bi inda ya yi yawa." Ɗalibai suka raɗa masa Malam Dankali, shi kuwa ya ɗauka digiri aka ba shi.

A gida ma ba mu tsira ba. In matarsa, Inna, ta barbaɗa wa yankakkiyar albasa gishiri ta fara fitar da ruwa, sai ya leƙo kicin da lacca. Takan ce, "Malam, tun kafin a gina makarantarku nake ganin wannan, ban taɓa neman a yi mini tafi ba."

Da Inna ta rasu, ta bar masa bishiyar lemon tsami a tsakar gida, wadda ta shuka shekarar aurensu. Da tana raye ko kofi ɗaya na ruwa bai taɓa zuba wa bishiyar ba, yanzu kuwa ya zama babban likitanta. Ganye biyu ya ga sun yi rawaya, ya kinkimo takin zamani, ya juye rabin buhu a gindinta.

Na ce, "Kawu, anya bai yi yawa ba?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, ni za ki koya wa kimiyya?"

Cikin kwana uku ganye suka langaɓe, ga ƙasa kuwa jiƙe sharkaf. Na same shi tsugune, ya tono saiwa ɗaya yana murzawa a yatsunsa. Ta yi laushi tiɓis.

"Taki ai gishiri ne," ya ce a hankali. "Da hannuna na janye mata ruwan jikinta."

Wallahi baƙar magana tana bakina, na haɗiye ta, don tausayinsa ya kama ni. Muka kwashe ƙasar sama da shebur, muka yi ta kwarara bokiti bayan bokiti don takin ya wanke, har mako biyu. Reshe ɗaya tal ya sake toho, sauran suka bushe.

Tun daga nan albasa ta huta da lacca. Kullum da safe yakan je ya tsaya gaban reshen nan, hannu a baya. Jiya ina shara na ji shi yana cewa, "Da kina nan, da kin yi mini dariya har ki gaji."