Maɓallin Saja a Gidan Mchunu

Khulekani Mchunu ya yi shekara talatin yana sayar da kan sarki a wani ƙaramin gidan waya a Nquthu, kuma babu wanda ya tsaya a tagarsa bai sha labarin maɓallin ba. Ɗan maɓalli ne na tagulla, yana ajiye da shi cikin gwangwanin taba. Wai na wani sajan Ingila ne da ya so wata yarinyar gidansu, ya bar ta da ciki da maɓalli, ya je ya mutu a yaƙin Isandlwana da Turawa suka gwabza da kakanninsu. Daga wannan ciki, in ji shi, zuriyarsu ta fito. Shaidarsa kuwa hasken fatarsa ne, wanda in ba shi ya nuna maka ba, ba za ka lura ba.

A kan wannan ɗan ƙarfe bawan Allah ya ɗora rayuwarsa kaf. Da cokali mai yatsu yake cin tuwon masara da kindirmo, rabi na zuba a wando. In tukunyar giyar dawa ta zagayo kansa a wurin taro sai ya yatsina fuska ya miƙa gaba, wai shi shayi yake sha, ƙarfe huɗu daidai. Ya rubuta wasiƙu Ingila sun fi a ƙirga, amsa ɗaya ta zo, ita ma godiya ce kawai. Ya je ɗakin adana takardun tarihi na Pietermaritzburg sau shida, ko sunan sajan bai samo ba. Mutum ɗaya ce bai taɓa tambaya ba, Gwaggo Sizakele, ƙanwar mahaifinsa, wadda bukkarta ke bayan garken shanunsa. Ta taɓa ce masa ya zo ta gaya masa wani abu a kan maɓallin.

"Gwaggo, tarihi a takarda yake," ya ce, ya wuce abinsa.

Da ya yi ritaya ƙafafunsa suka kumbura, shanu uku suka mutu a wata guda. Matarsa MaZondi ta ja shi wurin mai duba, aka watsa ƙasusuwa, aka ce akwai kakan da ya mutu a daji ba a dawo da shi gida ba, shi ke fushi. Wani da tsoro zai ji. Khulekani murna ce ta kama shi, don a ganinsa yau har ƙasusuwa sun shaidi sajansa.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya yanki reshen magaryar kura kamar yadda ake yi in za a ɗauko ruhun mamaci a dawo da shi gida, ya sa kwat da laktaye, ya tafi Isandlwana. Ya durƙusa gaban wani tarin fararen duwatsu na kabarin sojoji. Kirarin dangi ake kiran kaka da shi, saja kuwa ba shi da kirari, sai ya roƙe shi da Turanci ya shiga reshen. A mota ya biya kujera biyu, ta kusa da taga ya ba reshen. Mai ɗauke da mamaci ba ya magana da kowa a hanya sai da mamacin, don haka duk kogin da suka haye sai ya sunkuya ya sanar da saja.

Ya iso gida dangi sun taru. Ya ajiye reshen a garke, aka yanka akuya, sannan ya miƙe ya shelanta cewa kakansu Bature ya dawo gida.

Gwaggo Sizakele ta dogara sandarta ta matso.

"Mchunu, wa ka ce ka ɗauko?"

"Mai maɓallin, Gwaggo."

"Kai, amma an yi asarar kuɗin makaranta! Kakanmu Mgidi ne ya soke mutumin nan da mashi. Wanda ya kashe mutum a yaƙi rigar mamacin yake sawa har a yi masa wankan tsarki, ko wannan ma ba ya cikin takardarka? Riga ta ruɓe, maɓalli ya rage. Babu wata yarinya, babu wani ciki. Farin naka kuwa na dangin uwarka ne."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya.

"Mgidi ya faɗi a yaƙin Ulundi bayan wata shida," ta ci gaba. "Can yake kwance yana jiran jikan da zai je masa da reshe. Jikan ya tashi, ya biya kuɗin mota, ya kawo masa abokin gabarsa cikin garkensa, har da yanka masa akuya."

Kunya ta rufe Khulekani, gwangwanin da ke aljihunsa ya yi masa nauyi.

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Ƙarfe huɗu ta yi, ɗana. Je ka dafa wa baƙonka shayi."