Ladan Talatu bai fita ba

Jama'a a yi shiru, Alƙalin Alƙalan Ikara da Makarfi da Kudan ne ke magana. Yau na ji kukan jirgin ƙasa daga nesa, sai wata tsohuwar shari'a ta faɗo mini a rai.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wani mai awon gyaɗa a Makarfi ya kwashi iyalinsa zuwa Kano hutun Sallah. Aka tafi da Talatu, 'yar rainon da aka ɗauko daga Furana, don ta kula da ɗansu Audu, yaron da ba ya zama wuri ɗaya.

Da aka dawo, Talatu ta durƙusa ta ce, "Inna, ladan rainon tafiyar nan fa?"

Uwar gida ta ce, "Ke Talatu, kin hau jirgi kyauta, kin ga Kano, wane lada kuma?"

Ta yi murmushi ta ce, "Wallahi Inna ban ga Kano ba. Ƙeyar Audu kawai na gani, yana gudu ina bin shi."

Aka yi dariya, aka bar maganar. Da kaka ta yi, aka zo aka tafi da ita gida, ba ta sake dawowa ba.

Hukuncina: a biya ta.

Amma gaskiya ni ba wani alƙali ba ne, ko allona da ƙyar na haddace. Ni ne Audun da kaina, kuma ina kewarta. Mutanen Furana, wa ya san inda 'ya'yanta suke?