Teburin da Aka Yi da Ƙyauren Kurfi

Mijina malamin elementare ne a Dutsin-Ma, zamanin En'e, kuma tun da ya ga abokan karatunsa na cin abinci a kan tebur ya rantse sai ya yi nasa. Ni tabarma ta ishe ni. Amma burinsa ɗaya ne, mahaifiyarsa ta zo ta zauna a kujera ta ci tuwo a teburinsa, ta yarda bokon da ya raba shi da gida bai tashi a banza ba. Yana makaranta a Katsina mahaifinsa ya rasu, ko jana'iza bai samu ba, tun daga nan Inna ba ta cika sakin fuska da shi ba.

Katako kuwa a gidansu na Kurfi ya samo shi. Gidan ya zama kango tun da Inna ta koma wajen ƙanenta a Wurma. Ya tarar da wani tsohon ƙyaure na maɗaci jingine a bayan rumbu, ya ɗauko bai tambayi kowa ba, kafinta ya goge shi ya sa masa ƙafafu.

Sai gardamar abin da za a shafa. Malam ya sayo banish, man gwangwanin nan mai sheƙi, ni kuwa na ce warinsa zai hana ni cin abinci. Maƙwabciyata ta ce man gyaɗa, na ce to in gayyato kiyashin unguwa ke nan. Ranar da ya tafi aiki na ɗauko man kaɗe na hau murzawa da hantsi, don in nuna masa na fi shi sani.

Gefe-gefen ya yi ja mai kyau. Tsakiyar kuwa shan man take yi kamar ƙasar rani, tana yin duhu. Na ƙara, ta shanye. Da na ja baya na duba, sai na ga duhun ya yi tsawo, da faɗi a wuri ɗaya kamar kafaɗu, ya tsuke zuwa ƙasa. Rana tsaka, ga kaji na kiwo a tsakar gida, amma na kasa juya wa teburin baya.

Malam ya dawo ya yi mini dariya, ya ce jijiyar itace ce. Ya ci gaba da cin abincinsa a kai, a gefen da ke wajen taga. Ni dai ban taɓa ɗora kwanona ba. In na shafa tsakiyar nan da azahar sai in ji ta da sanyi.

Ranar kasuwar Kurfi Inna ta zo. An yi tuwon dawa, an ja mata kujera. Ba ta zauna ba. Ta tsaya tana kallo, sannan ta shafa wani gurbin ƙusa a gefe, ta tambaye shi inda ya samo katakon. Ya faɗa mata yana murmushi.

"Bisa wanga ƙyaure anka yi ma babanka wanka," ta ce. "Shi ya sa ba a maishe shi ƙofa ba."

Tausayinsa ya kama ni har na manta da tsorona. Malam ya dubi teburin, ya ce, "Inna, ina kansa yake?"

Ta miƙa hannu ta ɗage kwanon tuwonsa daga gefen taga, ta ɗora tafinta a wurin.

Malam ya durƙusa ya kifa goshinsa kusa da hannunta. Inna ta bar hannun a nan, har tuwon ya huce.