Amsoshin da Anti Ruth Ta Rubuta a Allo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Hausa a makaranta ɗaya da Ruth Bitrus, kuma har yau idan na tuna yadda ta bar wurin sai abinci ya fita raina. Sunana Uwani. Ina cikin waɗanda suka yi mata laifi, gara in faɗa tun yanzu.

Ruth 'yar Zonkwa ce. Ta zo Kano a 1999, shekarar da soja suka koma bariki, ta biyo mijinta Bitrus mai gyaran keken ɗinki. Suka kama haya a Unguwar Gano, a nan ta haifi 'ya'yanta uku, a nan mijin ya rasu. Duk lokacin da gari ya rikice 'yan'uwanta suka aiko ta dawo gida, sai ta ce musu ai tana gida. Hausa kuwa ta zauna a bakinta, sai dai har yau takan ce wa mace "shi" idan ranta ya ɓaci, mu yi ta yi mata dariya a ɗakin malamai.

Makarantar tamu ta 'yan mata ce, ta kuɗi, a Gyadi-Gyadi. Ba zan faɗi sunanta ba. Ruth tana koyar da Turanci, kuma ita aka ɗora wa aikin ba ɗalibai shawara, aka ba ta wani ɗaki da ake jibge karyayyun kujeru aka ce ofishinta ne. Tana da dabararta. Ba ta taɓa zaunar da yarinya ta ce mata "me ke damunki" ba, don ta san amsar: ba komai, Anti. Sai dai ta zo da zogale daga gida a faranti, ta kira yarinyar ta taya ta tsinka. Hannu yana aiki, ba wanda yake kallon idon wani, sai ka ji magana ta fara fitowa da kanta.

Ta haka ta ji abin da ke cin Hasana. Hasana 'yar aji biyar ce, tagwaye ne ita da Husaina, 'ya'yan Malam Lawan tela. Adaidaita sahu ya kwashe Husaina a bakin titin Zariya suna dawowa daga makaranta, ta cika kafin a kai asibiti. Aka yi zaman makoki, aka ce a yi haƙuri, Hasana ta dawo aji. Yarinyar da ba ta wuce ta uku a jarrabawa ta koma ta ƙarshe. Abincin tara sai ta miƙa wa ta kusa da ita, hijabinta ya yi mata yawa. Ran nan ta ce wa Ruth, "Anti, ni ce a gefen titi. Ni na ce mu canza wuri." Sannan ta ƙara da cewa, "Da ma tare muka tafi."

Ruth ta same ni a ranar. Ta ce, "Malama Uwani, wannan ya fi ƙarfina. Yarinyar nan likita take buƙata."

Ana haka wata ƙungiya mai ofis a Tarauni ta kawo wa makarantu wani shiri na intanet, na kare 'yan mata daga ciwon damuwa. Suka ba mu kwamfutocin hannu ashirin. Yarinya za ta riƙa yin darussa na mako takwas a kan yadda za ta gane damuwa tun kafin ta kayar da ita. Amma kafin a fara akwai tambayoyi: kina kasa barci, kina kasa cin abinci, kin taɓa jin kin gaji da rayuwa? Duk wadda amsarta ta nuna tana cikin haɗari, likita mace za ta riƙa kiranta ta bidiyo kowace Laraba, kyauta. Ruth ta yi murna har da rawa a ɗakin malamai. Ta ce Allah ya kawo wa Hasana mafita har ƙofa.

Sai Hajiya Asabe, mai makarantar, ta karanta tambayoyin. Ta kira mu ofis, ni da Ruth, ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Malama Ruth, kin san garin nan kuwa? Gobe a ce an samu masu taɓin hankali talatin a makarantata, wane uba ne zai bar 'yarsa? Su kansu yaran, wa zai je neman aurensu? Kuma 'yar Musulmi ta buɗe baki ta ce ta gaji da rayuwa, ai butulci ne ga Ubangiji."

Ruth ta ce, "Hajiya, ba hauka ba ne. Kuma ba wanda zai ga amsar sai likita."

"Abin da ya hau intanet ne ba wanda zai gani? Ke za ki fassara musu tambayoyin, to ki rubuta musu amsar a allo. In ba za ki iya ba, akwai masu neman aikin."

Ba zan ce maganar Hajiya duk ƙarya ce ba, shi ya sa ma take ƙara ba ni haushi. Ta san mutanenta. Amma ta ɗauki abin kamar jarrabawar fita, wadda makaranta take yin suna idan kowa ya haye, mu kuma da muka saba da irin wannan taimakon ba mu ga wani baƙon abu ba. Ruth tana da marayu biyu a jami'a. Ta ɗauki alli ta rubuta. Ta ɗaya, a'a. Ta biyu, a'a. Ta uku, ko kaɗan. Ni aka tsayar a bakin ƙofa, Hajiya kuma tana zagayawa a bayan yara tana leƙa abin da suke dannawa. Da aka zo tambayar gajiya da rayuwa, Hasana ta ɗaga kai ta kalli Ruth. Ruth ta juya ta fuskanci allo. Yarinya ta danna a'a.

Sakamako ya fito, yara ɗari da tamanin, ba mai damuwa ko ɗaya. Ƙungiya ta mayar da likitar wata makaranta a Babban Giji, tunda mu lafiyarmu ƙalau, ta kuma aiko cewa za ta zo ta ba mu lambar yabo. Ku ji fa. Mutane masu digiri, suna zaune a ofis mai sanyi, ba wanda ya tambayi kansa a wace duniya ake tara 'yan mata ɗari da tamanin a rasa mai kuka ko guda.

Hasana ta daina zuwa ɗakin Ruth. In sun haɗu a baranda sai ta durƙusa ta gaishe ta, ta wuce. Ruth ta hau adaidaita ta je Tarauni, ta sami wata ma'aikaciyar ƙungiyar mai suna Titilayo, ta roƙe ta a saka yarinya ɗaya kawai cikin masu ganin likita. Titilayo ta ce an rufe rajista, ba a sake buɗewa sai in makaranta ce da kanta ta ce an yi kuskure. Ruth ta dawo wurin Hajiya. Hajiya ta ce in ta sake tayar da maganar, ta san hanyar gidansu.

Ranar bikin aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, iyaye suka cika fili, yara suka yi waƙar maraba. Aka miƙa wa Hajiya lambar, aka ɗau hoto. Sai aka ce malamar da ta kula da shirin ta zo ta yi godiya. Ruth ta karɓi makirufo.

Ta ce, "Iyayena, baƙinmu, ku yafe mini. Amsar da yaran nan suka bayar ba tasu ba ce. Ni na rubuta musu a allo da hannuna, suka kwafa. Akwai yaran da suke cikin wahala a nan, na sani, kuma na rufe musu baki. Ina roƙo a sake, a fitar da mu malamai waje." Sai ta waiwayo inda nake zaune. "Malama Uwani tana wurin, shi ma ya gani."

Ba wanda ya yi dariyar "shi" ɗin ranar. Idanu suka dawo kaina. Ni kuwa, mai bakin da ake tsoro a ɗakin malamai, sai na sunkuyar da kai ina gyara mayafi. Ko tari ban yi ba. Na tuna aikina, na tuna Hajiya ƙawar yayata ce, na bar baiwar Allah a tsaye ita kaɗai a gaban jama'a. Wannan shirun nawa ya fi komai ƙona mini rai.

Kafin la'asar an ba Ruth takardar sallama. Aka ce ta ci mutuncin makaranta, wasu ma suka fara raɗa cewa da ma me ake tsammani daga wadda ba tamu ba. Matar da ta fi shekara ashirin tana share wa 'ya'yanmu hawaye, yau ita ce ba tamu ba.

Amma Titilayo tana wurin bikin, ta ji da kunnenta, kuma ƙungiyar ta tsaya kai da fata sai an sake. Aka sake bayan mako biyu, malamai duk muna waje. Yara ashirin da tara suka fito cikin masu buƙatar likita, Hasana ce a sama. Aka aika wa iyayensu takardar neman izinin ganin likita a rufe. Wasu suka sa hannu, wasu suka zo suka kwashe 'ya'yansu, kamar yadda Hajiya ta faɗa.

Malam Lawan yana cikin masu zuwa kwashewa. Ranar Laraba ya zo, da zare a jikin rigarsa, ya ce a ba shi 'yarsa, shi bai haifi mahaukaciya ba. Kunyar abin da na yi ce ta tura ni gabansa. Na ce, "Baban Hasana, don Allah ka ba ni rabin awa. Ka sa hannu ta yi magana da likitar sau ɗaya. In ka ga ba alheri, ni zan ɗauko maka jakarta."

Ya karɓi takardar ya sa hannu. Hasana ta shiga ɗakin kwamfuta ita kaɗai aka ja ƙofa. Muka zauna a benci a waje, ni da shi. Da farko ba ka jin komai sai muryar likita ƙasa-ƙasa. Can sai kuka ya ɓarke, irin wanda ban taɓa ji daga bakin yarinya ba, tana kiran sunan Husaina tana maimaitawa. Malam Lawan ya miƙe zumbur zai shiga. Na tare ƙofar na ce, "Ka bar ta, Malam."

Ya tsaya. Ya koma ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Malama, wata bakwai ke nan ina hana ta kukan nan. Ko sunan 'yar'uwarta na hana a kira a gidan. Wallahi na ɗauka taimakonta nake yi." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Wace malama ce ta gano? Ina so in yi mata godiya."

Na ce masa an kore ta.